Idan Tuwo Ya Daina Wucewa: Yadda Ake Ciyar Da Mai Ciwon Dajin Maƙoshi

Kawuna bai taɓa buɗe baki ya ce mana abinci yana tsaya masa a ƙirji ba. Abin da muka fara gani shi ne ya daina taɓa nama, sai ya tura wa yara nasa yankan ya ce haƙori ne ke damunsa. Daga baya kowace lomar tuwo sai ya bi ta da ruwa. Kafin damina ta fita ya koma kunu kaɗai, wandonsa kuma sai an ƙara jan mazagi yake zama. Da aka turo mu daga Tawa zuwa Yamai aka zura masa na'urar hangen ciki ta baki, likita ya ce ciwon daji ne a maƙoshi, wato bututun nan mai tsawon kusan santimita 25 da ke kai abinci daga baki zuwa ciki. Ƙarin ya matse hanyar, abin da ya rage ba shi da yawa.

Muna jiran a yi mana zancen magani, sai likitan ya ce a fara hawar da shi kan sikeli. A ranar na gane cewa ramar da muke ɗauka alamar ciwo ce kawai, ita kanta ciwo ce ta biyu. Tun 2021 ake yin gashin ciwon daji, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, a nan Yamai, a cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, ga kuma shimiyo, wato magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin ciwon daji, da tiyata, amma duk cikinsu babu wanda jiki zai ɗauka idan ya riga ya ƙare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da zan faɗa a nan na mai jinya ne, wanda tukunya da ludayi ke hannunsa. Ba zai maye gurbin likita ba, amma abincin gida ai ba likita ke dafa shi ba.

Fara da sikeli da littafi

Ku sayi ƙaramin littafi irin na ƴan makaranta. Sau ɗaya a mako, rana guda, da safe kafin ya ci komai, a auna maras lafiya da sikeli guda da tufafi marasa nauyi, a rubuta. Idan babu sikeli a gida, akwai a asibitin unguwa. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata 6, yana cikin haɗari: ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan a wata guda. Wannan ba abin jiran ranar komawa asibiti ba ne, a sanar da likita da wuri.

A littafin nan kuma a riƙa rubuta abin da ya shiga cikinsa a yini, ba abin da aka ajiye masa a gaba ba. “Ya ɗan sha” ba lissafi ba ne. Kofi nawa, rabi ko cikakke, ya tsaya ko ya dawo?

Kunu tsararo shi ne tarkon

A nan nake so in daɗe, domin a nan yawancinmu ke faɗawa da kyakkyawar niyya. Idan haɗiya ta yi wuya, abin da kowa ke yi shi ne ƙara wa kunu ruwa har ya tsinke. Maras lafiya ya sha, cikinsa ya cika, kowa ya ji daɗi an ci abinci. Amma ruwa ya sha.

Masana abincin masu ciwon daji suna lissafin cewa mutum na bukatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Mai kilo 55 yana neman kalori kusan 1,650 da furotin giram 55 zuwa 80. Kofin kunun gero tsararo da wuya ya wuce kalori 100. Ko ya daure ya sha kofi shida, bai kai rabin bukatarsa ba, kuma kusan babu abin gina jiki a ciki. Haka mutum ke narkewa a gaban iyalinsa alhali kullum ana dama masa.

Tun da hanya ta ƙuntata, ba yawan abin za a ƙara ba, nauyin kowane cokali za a ƙara. Ga yadda nake haɗa kofi ɗaya: a dama kunun gero ko na shinkafa kamar kullum, a zuba madarar gari mai cikakken maiƙo babban cokali uku, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi cokali ɗaya, man gyaɗa ko man shanu cokali ɗaya, sukari cokali ɗaya. Man kaɗai kalori kusan 120 ne, madarar ma kusan haka, gyaɗar kusan 90. Kofin da bai kai 100 ba ya haura 400, girmansa kuma bai canja ba. Kofi huɗu irin wannan sun kusa biyan bukatar yini. Kada a fara da cikakken cokalin mai a ranar farko, cikin da ya daɗe bai ga maiƙo ba zai iya ɓaci. A fara da ƙaramin cokalin shayi, a riƙa ƙarawa cikin kwana uku zuwa huɗu. Mai ciwon sukari kuma a bar sukarin, a dogara da mai da gyaɗa da ƙwai, a kuma sanar da likitansa an canja masa abinci.

Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6. A fasa, a kaɗa shi sosai, a tsiyaya a cikin kunu yana kan wuta ana juyawa da maburgi har ya dahu, sannan a tace. Ɗanyen ƙwai kada a kuskura, musamman ga wanda ke shan shimiyo.

Sai matsalar kauri. Idan an zuba gari da yawa kunu zai yi ƙarfi, amma zai ƙi wucewa. Maganin wannan masu kunun zaƙi sun daɗe da saninsa: tsiro. A jiƙa gero ko dawa, a shanya a buhu mai laima kwana biyu zuwa uku har ya tsira, a busar sarai a rana, a niƙa a tankaɗe. Idan an dama kunu mai kauri kamar talge, a sauke ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali na garin tsiron a juya. Cikin ƴan mintoci za ku ga ya saki da kansa ya zama ruwa-ruwa, ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. A mayar kan wuta ya sake tafasa saboda tsabta. Ranar da na fara gwadawa, matar kawuna ta tsaya tana kallon tukunyar, ta ce, “Ashe abin da muke yi wa kunun suna shi ne maganin.” Tun daga ranar ita ta karɓi aikin.

Abin da ke wucewa da abin da ke tsayawa

Kunu kullum yana gundura, kuma mutumin da ya tashi da tuwo yana kewar gishiri da daddawa. Matuƙar abu mai laushi yana wucewa, a ba shi. Tuwon da aka tuƙa da ruwa-ruwa da miyar kuɓewa ko ta kuka ya fi komai sauƙi, domin yauƙin yana taimaka wa loma ta sulale. A dafa nama ko kaza har ya rabu da ƙashi, a markaɗe shi da romonsa a zuba a miyar. Kifin kogi ma yana da kyau, amma a zauna a tsince ƙayarsa da yatsa a wuri mai haske, sau biyu. Wake a surfe a cire ɓawo, a dafa ya narke, a murje a rariya. Dankalin turawa, kabewa da dankali a dafa a dame da madara da man shanu. Ayaba, gwanda da mangwaron da ba shi da zare a markaɗe da kindirmo. Garin zogale da aka tankaɗe sosai yana shiga miya cokali ɗaya. Idan babu injin markaɗe, ko an ɗauke wuta, turmi da rariya mai ƙananan ido suna yin aikin, sai dai su ci lokaci.

Mu mutanen Adar ba a raba mu da fura. A dama ta da kindirmo, a ƙara madarar gari, a tace kada a bar gaya ko ɗaya, kuma a kirɓa tasa daban ba citta ba barkono ba kanumfari. Cuku ma furotin ne mai kyau, amma ba a ba shi ya tauna: a daka shi ya zama gari, a tafasa a cikin kunu.

Waɗanda za a ɗauke daga gabansa kuwa: kilishi, tsire, balangu, burodi, dambu, shinkafa warara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli na tauna, goro, ɗanyen ganye. Burodi ya fi yaudara, domin yana da laushi a hannu amma idan ya jiƙe a maƙoshi sai ya cure ya toshe hanya. Taba ko ta sha ko ta baki, da barasa, a rabu da su gaba ɗaya. Shayi kuma a bari ya huce. A 2016 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi, kuma kofin shayin da aka sauke daga gawayi yanzu ya fi haka zafi. Wanda maƙoshinsa ya riga ya yi rauni ba ya bukatar ƙuna a kai.

Zaman cin abinci

A manta da kalaci uku. A raba abin yini gida shida zuwa takwas, kusan kowace awa biyu, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Mu da salloli muka ɗaure abin don kada a manta: bayan asuba, hantsi, kafin azahar, bayan azahar, la'asar, magariba, sai ɗan kaɗan bayan nan.

Ya zauna a miƙe, bayansa jingine, ba a kishingiɗe a tabarma ba. Ƙaramin cokali, a hankali, sai loma ta wuce a kawo wata. Bayan ya gama ya ci gaba da zama aƙalla minti 30, awa ɗaya ta fi. Da dare a bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci da kwanciya, a kuma ɗaga gefen kai na gado da bulo ko a tara matasai tun daga kafaɗa, don kada abin da ya tsaya a maƙoshi ya dawo ya faɗa huhu yana barci.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kunya. Dattijon da ya saba ci da maza a zaure ba zai so a ga yana tofar da yawu ko abinci na dawo masa ba. Kawuna sai ya ce ya ƙoshi da zarar baƙi sun shigo. Muka koma ba shi abincinsa a ɗaki, da ƙaramin kwano mai murfi da tsumma a gefe, masu gaisuwa su jira. Kuma a daina tsayawa a kansa ana “daure ka ƙara”. Ni abin da na ga yana aiki shi ne in ce, “Kawu, saura cokali uku, in kun gaji mu ajiye sai an jima.” Sau da yawa sai ya shanye.

Idan loma ta tsaya, kada a tura ta da wata lomar, kada a zura yatsa. Ya dakata, ya miƙe ya ɗan taka, ya kurɓi ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Idan awanni suka wuce ko yawu ba ya wucewa, asibiti kai tsaye.

Ruwa da tsabta

A zafin Afrilu da Mayu na Yamai, mutumin da ke haɗiya da ƙyar yana bushewa cikin kwana guda. A nemi ya samu lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, har da kunu da romo, a kurɓa tsakanin abinci ba tare da shi ba, don kada ruwa ya cinye wurin abinci. Fitsari shi ne shaida: idan ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. In ana gudawa ko amai a haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti da ake samu a farmasi. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kunun da aka zuba wa madara da ƙwai ba ya jure zafinmu. Wanda ya yi awa biyu a waje, a bai wa wani ko a zubar, a dama sabo kaɗan-kaɗan. Shimiyo yana rage garkuwar jiki, don haka madarar shanu a tafasa ta kafin a yi kindirmo a gida, a bar sayen nonon da ba a san yadda aka yi shi ba.

Makonnin gashi da shimiyo

Daga mako na biyu zuwa na uku na gashi, maƙoshi yakan yi ɗanye, haɗiya ta koma kamar ana zuba barkono. Wannan sananne ne, kuma yakan lafa makonni kaɗan bayan an gama. A lokacin a janye duk mai tsami da mai yaji: kunun tsamiya, lemun tsami, nonon da ya kwana, tumatir mai yawa, kunun kanwa. A ba da abu mai ɗumi-ɗumi ko mai ɗan sanyi. A roƙi likita maganin zafin da za a sha kamar minti 30 kafin abinci. Mutum ba zai ci ba in kowace haɗiya azaba ce. Maganin tashin zuciya ma a sha shi kan lokaci, kada a jira amai ya fara. A riƙa duba bakinsa da fitila: farin abu kamar gutsuren nono a harshe da kumatu cuta ce mai magani, kuma tana hana ci. Magungunan zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, a nemi mai sassautawa tun farko. Ƙwayar da ta ƙi wucewa kada a daka ta sai an tambayi likita ko mai farmasi, domin akwai waɗanda ba a fasawa.

Masu zuwa dubiya za su zo da shawarwari. Wani zai ce a hana shi sukari da madara don su ne abincin ciwon; hana su ba ya kashe ciwon daji, maras lafiyan yake ƙarasawa. Wani zai kawo jiƙo mai ɗaci a jarka. Ni ban yi faɗa da kowa ba, na dai ce duk abin da zai shiga bakinsa sai likita ya gani, domin ɗan wurin da ya rage a cikinsa na abinci ne. Zancen azumi kuwa, Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Idan dattijo ya nace, a kira malamin da yake jin maganarsa.

Tiyo ba alamar ƙarshe ba ce

Akwai ranar da duk dabarar tukunya ba za ta isa ba. Idan ya yi kusan mako bai iya ci ba, ko ya yi mako ɗaya zuwa biyu abin da ke shiga bai kai kashi 60 cikin 100 na bukatarsa ba, lokacin zancen tiyo ya yi, kuma gara ku ku tayar da zancen da a jira ya faɗi. Ana iya zura siririn tiyo ta hanci zuwa ciki, ko a yi ƴar ƙaramar huda a saka shi kai tsaye a ciki ko a hanji. Wasu kuma ana saka musu ɗan bututun raga a cikin maƙoshin ya buɗe hanyar. Likita ne ke zaɓa, gwargwadon inda ƙarin yake da ko ana shirin tiyata.

Mu mun ɓata makonni muna gudun tiyo, muna cewa a dai yi masa ƙarin ruwa ya samu ƙarfi. Har yau ina jin zafin makonnin nan. Kwalbar ƙarin ruwa mai sukari kashi 5 ta rabin lita, sukarin da ke cikinta giram 25 ne, kalori kusan 100, babu furotin ko kaɗan. Kofin kunu tsararo ke nan ta jijiya. Tana maganin bushewa, ba ta maganin yunwa.

Idan an saka tiyon ciki, kada ku bar asibiti sai ma'aikaciyar jinya ta nuna muku da hannu, ku ma kun yi a gabanta. A wanke hannu. A zaunar da shi. A tace abincin sau biyu har ya bi sirinji ba tare da an danna da ƙarfi ba. A fara da ruwa mai tsabta kamar mililita 30 zuwa 50, sannan abincin, kofi ɗaya a hankali cikin minti 20 zuwa 30, a rufe da ruwa kuma don kada tiyon ya toshe. Bayan kowane magani ma a bi da ruwa. Tiyon hanji dokarsa daban ce, ba ya ɗaukar abinci da yawa lokaci guda, a bi abin da asibiti ta tsara. Idan tiyon huda ya fita, a rufe wurin da tsumma mai tsabta a tafi asibiti a ranar, domin hudar tana haɗewa cikin awanni.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: wanda ya yi kwana biyar ko fiye kusan ba ya cin komai, ba a cika masa ciki rana ɗaya, ko ta baki ko ta tiyo. Gishirin jininsa na iya rikicewa har zuciya ta taɓu. A fara da kaɗan a ƙarƙashin idon likita, da gwajin jini, a hau a hankali cikin kwanaki.

Bayan tiyata, da hanyar gida

Wanda aka cire wa sashen maƙoshi, yawanci da cikinsa ake yin sabon bututun, don haka wurin ajiyar abinci ya ragu har abada. Cin kaɗan-kaɗan da kwana da kai a sama sun zama rayuwarsa. Idan bayan cin abu mai zaƙi yana jin jiri, gumi, bugun zuciya ko gudawa, abinci ne ke saurin faɗawa hanji. A rage sukari, a ƙara ƙwai da gyaɗa da nama, a raba ruwa da abinci da rabin awa.

Alamun da ba a kwana da su a gida: tari ko shaƙewa duk lokacin da ya sha ruwa, zazzaɓi, numfashi da ƙyar, aman jini ko baƙin bayan gida, yini guda ba fitsari, ko ruɗewa.

Tsakanin Yamai da Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma duk abin da ake miƙowa ta tagar mota a hanyar nan, daga tsire har burodi, babu wanda zai iya haɗiya. Kunun da ya sha madara kuma ba zai kai Ƙonni lafiya ba. Abin da muke yi shi ne mu cika filas da tafasasshen ruwa, mu haɗa soyayyen garin gero da madarar gari da sukari a busasshen gwangwani mai murfi, da ƴar kwalbar man gyaɗa, da kofi da cokali da ƙaramar rariya. Duk inda mota ta tsaya sai in dama rabin kofi, in jira ya huce, in ba shi yana zaune a kujerarsa. Littafin awo da takardun asibiti kuma suna cikin jakar hannu, ba a cikin kayan da aka ɗaure a ƙasan mota ba, domin ranar da za a nuna su a asibitin Tawa tana iya zama daren da aka sauka.